Wasiƙar kujera ce, ko ta wanda ke zaune a kanta?

Illela biyu ce, kowane ɗan Ƙonni ya san haka. Akwai Illelar Nijar, mazaunin Sarkin Adar, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga Badagishiri a kan hanyar Tawa. Akwai kuma Illelar Najeriya ta jihar Sakkwato, wadda iyaka kaɗai ta raba ta da Birnin Ƙonni. Direban da aka danƙa wa saƙo a tasha aka ce masa «ka sauke shi Illela» ba ya tayar da mota sai ya tambaya: wacce daga ciki? To, wannan tambaya ta direba ita ce na'ura ba ta iya yi. Abin da aka rubuta mata shi take bi, ko da kuwa wanda ya rubuta ya shekara uku da barin aiki, ko da kuwa wanda aka ce a kai wa ya daɗe da rasuwa. Saboda haka ne filin nan ya ɗauko a wannan mako batun da ake yi wa kallon na masu gyaran kwamfuta kaɗai, alhali kuwa ya shafi aljihun ɗan kasuwa da mutuncin ma'aikaci: a ina ya kamata a ajiye jerin da ke faɗa wa na'ura wa za ta miƙa wa wasiƙa?

Dattawa ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Tun zamanin da ƴan ci-ranin Adar suka fara cika Abijan, wasiƙunsu ba sa zuwa ƙauye kai tsaye, domin ƙauye ba shi da akwatin gidan waya. Akan rubuta sunan mai wasiƙa a bayan ambulan, a sa s/c, wato ta hannun wane, sannan a kawo sunan wani attajiri ko malamin makaranta mai akwati a Ƙonni ko a Tawa. Shi kuma mai akwati ya san wannan ta gidan wane ce, ya san wancan ya tashi ya koma wani gari, sai ya ba wa mai zuwa cin kasuwar Laraba ya kai. Wani yana riƙe da jerin a ka, wani yana da ɗan littafi a ƙarƙashin tebur. Ma'aikatan gwamnati su ma da wannan s/c suka tashi, tun da takardar ƙaramin ma'aikaci ba ta isa ga minista sai ta bi ta hannun na gaba da shi. Suna guda a bayan ambulan, hannu dabam ke karɓa: iyakar abin ke nan.

A wasiƙar intanet, wadda ake kira imel, haka tsarin yake. Tun 1971 da Ray Tomlinson, wani injiniya na Amurka, ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan na'ura, adireshi yana da gida biyu: na dama shi ne gidan da ke karɓa, na hagu shi ne wanda ake nufi a cikin gidan. Amma ba kowane suna na hagu ke da akwatinsa ba. Wani sunan inkiya ce kawai. Ba ta ajiye kome; aikinta ta ce duk abin da ya zo da wannan suna a zuba shi cikin akwatin wane, ko a raba wa mutum uku, ko a tura shi gaba zuwa wani gidan dabam. Ƙa'idar da aka kafa wa imel a 1982 ta wajabta wa kowane gida ya kasance da suna guda irin wannan, postmaster, wato sarkin gidan waya, domin a san ƙofar da za a buga idan wasiƙa ta ɓata. A 1997 aka ƙara da wasu sunaye na aiki, irin su info ga mai neman bayani. Hikimar a fili take: a rubuta wa kujera, ita kuma inkiya ta san wanda ke zaune a kanta yau.

Duk wanda ya duba abin da ya faru a wannan yanki cikin ƴan shekarun nan zai ga dalilin da ya sa wannan hikima ba ado ba ce. Har zuwa 2011 Malbaza tana ƙarƙashin gundumar Ƙonni. A wannan shekara ce gundumomin ƙasa suka tashi daga 36 zuwa 63, Malbaza ta sami tata, ta tafi da Dogerawa da Galmi, kamar yadda Bagaruwa ta fita daga cikin Illela. Takardar da ta shafi manoman albasar Galmi, wadda da can Ƙonni ake kai ta, daga ranar sai ta koma ta Malbaza. A watan Afrilu na 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Ban da waɗannan manyan sauye-sauye, akwai canjin wurin aiki na yau da kullum, wanda ba ya barin malamin makaranta, ba ya barin ma'aikacin lafiya, ba ya barin na duwan. Amma mai karatu ya ɗauki takardun ofis ya dubi ƙasan shafi: sau nawa zai tarar adireshin da aka buga na Gmail ne ko na Yahoo, da sunan mutum da shekarar haihuwarsa a jiki? Ranar da aka ɗauke mai wannan suna aka kai shi Difa, wasiƙun ofis sun bi shi Difa. Wanda ya gaje shi ya tarar da tebur da kujera da hatimi, amma labarin ayyukan da ke tafe yana cikin wayar wani.

Ɗan kasuwa ma bai tsira ba. A ce attajiri yana aika albasa Akara da Kumasi, ko yana ɗauko siminti daga Malbaza, ko yana da kaya a jirgin ruwa. Shi da kansa ba ya zama gaban kwamfuta. Yaronsa mai ilimin boko ne ya buɗe adireshi da sunansa, shi ke karɓar takardun kaya da na banki. Idan zama ya yi tsami yaron ya kama gabansa, ya tafi da ƙofar da abokan ciniki suka sani. Da a ce adireshin na gidan ne, inkiya ce kawai ke nuna akwatin yaro, da gyaran layi guda ya isa.

Shafi ko rumbu

To, a ina wannan layi yake zaune? Hanya biyu ce, kuma masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansu.

Ta farko ita ce tsohuwa, shafin jeri: fayil guda na rubutu zalla, layi bisa layi, kamar littafin mai akwati na da. A kowane layi akwai inkiya, sai ɗigo biyu, sai akwatin da za a zuba wa. Idan mutum uku ne, a jera su a raba da waƙafi. Wannan tsari ya bazu tare da sendmail, manhajar rabon wasiƙa da Eric Allman ya rubuta a jami'ar Bakili ta Amurka a farkon shekarun 1980, kuma Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a ƙarshen 1998, ta gaji fasalinsa kusan ba canji. Kyawun shafi shi ne ba ya ɓoye kome. Duk mai iya karatu, idan aka nuna masa sau ɗaya, zai gane. Ana iya buga shi a takarda a sa hannu a ajiye. Ana iya sa alamar # a farkon layi a rubuta bayani don ɗan Adam, na'ura ta tsallake shi: an sa wannan ranar kaza, bisa umarnin wane, a cire shi bayan damina. Kwafinsa bai fi nauyin hoto guda na waya ba. Idan na'urar ta ƙone, aka sami wata, sai a ɗora mata shi a ci gaba da aiki.

Akan ji masu tallan sabon abu suna cewa shafi yana da nawa, wai na'ura sai ta karanta shi daga sama har ƙasa kafin ta sami suna. Wannan magana ta daɗe da mutuwa. Na'urar ba shafin take karantawa ba a lokacin rabo. Bayan an yi gyara, akwai umarnin da ake ba ta, newaliases, wanda ke juya shafin zuwa wani ɗan kundi mai fihirisa, daga nan take zaro suna nan take, ko layi goma ne ko dubu goma. Aibin da ke nan dabam ne, kuma na ɗan Adam ne: mai gyara ya gyara shafi, ya manta da wannan umarni, ya kulle ofis ya tafi sallar la'asar da zuciya fari, alhali na'ura tana nan tana bin tsohon jeri. Kusan duk wanda ya taɓa riƙon irin wannan aiki ya ɗanɗani wannan. Aibi na biyu kuwa, shafi na hannu guda ne. Idan mutum biyu suka buɗe shi lokaci ɗaya, wanda ya rufe daga baya ya shafe aikin na farko. Kuma ba a iya ba wa mutum izinin layi biyar kaɗai; wanda aka ba mabuɗi an ba shi gidan duka.

Hanya ta biyu ita ce rumbun bayanai. A nan jerin ba ya cikin fayil ɗin da ido ke karantawa. Yana hannun wata manhaja ta musamman, irin su MySQL ko PostgreSQL, ko kuma kundin ma'aikata na LDAP, wadda aikinta ke nan ta tsare bayani ta amsa tambaya. Duk lokacin da wasiƙa ta iso, na'urar rabo sai ta tambayi rumbu: wannan suna na wa ne? Rumbu ya amsa, ta miƙa. Ƴan kasuwar Ƙonni sun san irin wannan tsari ko da ba su san sunansa ba, domin SYDONIA da ake shigar da bayanin kaya a duwan rumbu ne. Amfaninsa ba ƙarami ba ne. Gyara yana kama aiki ba tare da an juya kome ba. Hannu ɗari na iya aiki lokaci guda ba wanda ya taka wani. Ana iya tsaga izini: mai kula da ma'aikatan Illela ya taɓa na Illela kaɗai, na Malbaza ya tsaya kan nasa. Ana iya sa wa inkiya ranar mutuwa, ta kashe kanta idan kwangilar mai ita ta ƙare. Sannan rumbu yana amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ranar sallamar ma'aikaci, wato a juyo da jerin ta baya: wannan mutum da zai tafi, sunaye nawa ne ke zuba masa wasiƙa? A shafi mai layi arba'in ido ya isa ya duba. A ma'aikatar da ke da malamai dubbai daga Ayoru har Ngigmi, ido ba ya isa.

Sai dai rumbu yana da cikinsa da za a ciyar. Manhaja ce ta biyu da za ta iya faɗuwa, tana da kalmar sirrinta, tana da sabuntawarta, kuma ajiyar kwafinta ba kwafe fayil ba ne kurum, sai an bi hanyarta an kuma gwada cewa kwafin yana tashi. Mafi girman haɗari shi ne idan rumbun yana wani gari, na'urar rabo tana wani. Wanda ya taɓa tsayawa da mota cike da kaya yana jiran layi ya dawo ba ya bukatar dogon bayani a nan. Idan rumbu bai amsa ba, na'urar rabo ba ta san inda za ta zuba wasiƙa ba, sai ta ce wa mai aikowa ya dawo an jima. Ita na'urar mai aikowa tana da haƙuri, takan yi ta gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin ta mayar wa mai ita, don haka wasiƙa ba ta cika ɓata ba. Amma takardar neman kwangila da ake rufe karɓarta ƙarfe goma na safe, idan ta iso da la'asar, daidai take da wadda ba ta zo ba. Wutar lantarki kuwa kowa ya ga iyakarta: a watan Agusta na 2023 Najeriya, wadda ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta a lokacin, ta yanke layi, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, taimako ce, amma rana ba ta kwana. Tsarin da ke bukatar na'ura biyu su kasance a farke tare ya fi mai bukatar guda saurin kwanciya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Rumbu yana bukatar gwani, shi kuma gwani ma'aikaci ne kamar kowa: ana canza masa wuri, yana samun aikin da ya fi, yana tafiya karatu. Ofishin da ya gina rumbu don kada wasiƙa ta bi mutum, ya wayi gari rumbun da kansa ya bi mutum, bai ci ribar kome ba.

Idan aka auna duka, hukuncin ba mai wuya ba ne, ko da yake ba zai yi wa masu sayar da na'ura daɗi ba. Ofishin gunduma, ƙaramar hukuma, asibitin gari, ƙungiyar manoma, gidan attajiri: duk inda sunayen ba su wuce ƴan gomomi ba, mai gyara mutum guda ne ko biyu, gyaran kuma bai wuce sau ɗaya ko biyu a wata ba, shafi ya wadatar, rumbu kuwa sayen raƙumi ne don ɗaukar kwaryar fura. Ba yawan wasiƙu ke kiran rumbu ba, yawan hannuwa ne da yawan canji. Ma'aikatar minista a Yamai, banki mai rassa, kamfanin waya, jami'ar da ɗalibai ke shiga suna fita kowace shekara, su ne masu rumbu. Su ɗin ma, masu hankalin cikinsu kan haɗa biyun: gaskiyar jeri tana rumbu, amma a kowace sa'a ko kowane dare ana zubo ta a shafi a ajiye wa na'urar rabo a gefenta. Idan layi ya yanke, sabon gyara ne kaɗai zai jira, rabon wasiƙa ba zai tsaya ba.

Wani zai ce: ai mafi yawan ofisoshin nan ba su da na'urar rabo tasu, haya suke yi a wurin kamfani. Gaskiya ne, kuma ba aibi ba ne. Mai haya yana amfani da rumbu bai sani ba, domin allon da yake shiga ya ƙara suna ko ya cire, rumbun kamfanin ne a bayansa. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe abu biyu a hannunsa. Na farko sunan gidan, wato abin da ke dama da alamar @, a yi rajistarsa da sunan ofis ko kamfani, ba da sunan yaron da aka aika ba. Kamfanonin sadarwa suna sauya riga: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Sonitel da Sahelcom suka haɗe suka zama Niger Telecom a 2016, Orange ta bar wa Zamani wuri. Wanda gidansa nasa ne yana iya sauya mai masauki ba tare da ya sauya adireshi ba. Na biyu, ya riƙa zubo jerin inkiyoyinsa a takarda lokaci zuwa lokaci, ya karanta shi da idonsa.

Inda ɓarnar take

Domin kuwa, a gaskiya, ba a zaɓin shafi ko rumbu ake yawan yin asara ba. A tura wasiƙa gaba ake yi, musamman zuwa wajen gida.

Mafi sauƙin kuskure shi ne zagaye. Ƙonni ta ce duk abin da ya shafi Galmi a tura Malbaza. Wani a Malbaza, bisa tsohuwar al'ada, ya sa a tura wa Ƙonni. Wasiƙa ta shiga kai da komowa kamar akuyar da aka ɗaure a turke. An tanadi maganin wannan: kowace na'ura da wasiƙa ta ratsa tana buga mata hatimi, idan hatimai suka yi yawa, 25 a sendmail, 50 a Postfix in ba a sauya ba, sai a tsayar da ita a mayar wa mai aikowa. Wannan aƙalla yana da ƙara, ana ji.

Wanda ba shi da ƙara shi ne na ma'aikacin da ya sami adireshin ofis amma ya ce a riƙa tura masa kome cikin Gmail ɗinsa, don a nan ya saba. Shekarun baya wannan yana tafiya lami lafiya. Yanzu manyan gidajen imel suna bincike irin na bakin iyaka. Kowane gida yana shelanta jerin na'urorin da ya yarda su aika wasiƙa da sunansa, tsarin da ake kira SPF. Wasiƙar banki da ta biyo ta na'urar ofis kafin ta isa Gmail, ta zo ke nan a motar da ba ta cikin takardun banki. Idan sa hannun sirri da ke jikinta, wato DKIM, bai lalace a hanya ba, takan wuce. Idan na'urar tsakiya ta taɓa ta, ko da ƙarin layi guda ne a ƙasa, sa hannun ya karye. Tun Afrilu 2014 Yahoo ta umarci duniya da a ƙi duk wasiƙar da ta zo da sunanta ba ta ci wannan jarrabawa ba, kuma daga Fabrairu 2024 ita da Google suka ƙara tsananta sharuɗɗa. Sakamako shi ne wasiƙar da aka tura gaba tana iya faɗawa kwandon shara ko a ƙi ta, mai jiranta yana zaune yana zargin mai aikowa. Akwai dabarar sake rubuta adireshin mai aikowa da ke rage wannan, amma mafi tsabta shi ne inkiya ta zuba cikin akwatin gida, mutum ya buɗe akwatin a wayarsa. Ga kuma batun amana: takardar da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ko albashin ma'aikata, idan ta koma akwatin mutum na kansa, ta fita daga ikon ofis har abada, alhali Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017.

Ɓarawo ma ya san darajar wannan ƙofa. Idan ya sami kalmar sirrin ɗan kasuwa, ba ya fasa kome, ba ya sauya kome. Layi guda yake ƙarawa, a riƙa aiko masa kwafin duk abin da ya shigo. Ya zauna wata biyu yana karatu, ya san wa ake bi, wa ke bi, yaushe kaya ke tasowa. Ranar biya sai wasiƙa ta iso da harshen abokin ciniki, tana cewa an sauya lambar asusu. Hukumar FBI ta Amurka ta ƙidaya asarar kusan dala biliyan 2.9 daga irin wannan zamba a ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a 2023 kaɗai. Sauya kalmar sirri ba ya cire layin da ɓarawo ya dasa. Sai an shiga an duba jerin turawa an tumɓuke shi. Attajirin da ke ƙirga buhunansa kowace yamma, ya kamata a ce ya san layi nawa ke cikin wannan jeri.

Saura inkiya guda da ke yaudarar mutane, wadda ke cewa duk sunan da ba a sani ba a kawo shi nan. Mai ita yana ganin ya yi dabara, ba wasiƙar da za ta ɓata. Abin da ya samu shi ne tarkacen duniya da asirin mutane, shi kuma mai aikowa ba zai taɓa sanin ya yi kuskure ba, tun da ba a mayar masa ba. Maƙwabciya Mali ta ba da misalin da ya isa. Adireshin sojan Amurka yana ƙarewa da .mil, na Mali da .ml, harafi guda ne tsakani. A watan Yuli 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa shekara da shekaru wasiƙun sojan Amurka suna kwarara zuwa sunan Mali, har Johannes Zuurbier, ɗan ƙasar Holan da ke kula da sunan bisa kwangila a lokacin, ya tara kusan dubu 117 daga watan Janairu na wannan shekara kaɗai, cikinsu da takardun lafiya da na tafiye-tafiyen manyan hafsoshi. Nijar kuwa .ne ce: harafi guda ya raba ta da .net, harafi guda ya raba ta da .ng ta Najeriya. Illela biyu ke nan a wani sabon kaya.

A ofisoshin gwamnati, ranar da sabon shugaba zai karɓi aiki daga tsoho, akan zauna a rubuta takardar miƙa ragama: tebur nawa, kujera nawa, mota da lambarta, hatimai, mabuɗan sito, abin da ya rage a asusu, kowa ya sa hannu a gaban shaida. Jerin inkiyoyi shafi guda ne, wuri guda yake nema a cikin wannan takarda, tsakanin hatimai da mabuɗai. A karanta shi layi layi a gaban mai tafiya da mai zuwa, a soke sunan mai tafiya a rubuta na mai zuwa, a tambayi duk layin da ke fita waje wa ya sa shi da kuma dalili. Sannan, kafin a tashi, wani daga cikin shaidu ya ɗauki wayarsa ya aika wa kujerar wasiƙar gwaji, a jira a ga aljihun da za ta yi ƙara.